Kafin Ka Ɗora Tukunya: Yadda Ake Buɗe Gidan Abinci a Babban Birni

A kowane babban birni akwai titin da in ka bi sai ka tarar an rufe gaban wani shago da katako, an rubuta "muna nan tafe". Bayan wata biyu sai ka ga fitilu, ga layin mutane har bakin titi, kowa riƙe da waya yana ɗaukar hoton farantinsa. In ka dawo baɗi war haka, sau da yawa wani sunan za ka gani a saman ƙofar, kujerun ne kawai ba su canja ba.

Na daɗe a wannan sana'a, tun daga riƙe sito har zuwa riƙe littafin kuɗi, kuma da hannuna na taɓa kulle ƙofar wani gidan abinci, kullewar da ba a sake buɗewa ba. Abin da na koya shi ne cunkoson makon farko na aro ne. Ɗokin sabon abu ne ya kawo mutanen, kuma ranar da aka buɗe wani wurin a gaba, can za su koma. Saboda haka duk shirin da za ka yi, ka yi shi ne domin wata na shida, lokacin da masu ɗaukar hoto suka watse aka bar ka da waɗanda yunwa ta kawo.

Za ka ji ana cewa cikin gidajen abinci goma, tara suna rufewa a shekarar farko. Binciken da H.G. Parsa da abokan aikinsa suka wallafa a 2005, kan gidajen abinci sama da 2,400 a birnin Columbus na jihar Ohio a Amurka, bai nuna haka ba. Kusan kashi 26 cikin 100 ne suka rufe ko suka canja hannu a shekarar farko, zuwa ƙarshen shekara ta uku kuma adadin ya kai wajen kashi 60. Ke nan sana'ar ba caca ba ce, amma tana cin wanda ya shige ta da ka.

Mataki na farko: wa za ka ciyar, kuma da wane lokaci?

Kusan kowa da abincin yake farawa: "Na iya dafa kaza da kaza, kowa yana yabawa." Yabon 'yan uwa daban, ciniki daban. Fara da mutumin da zai biya. Ma'aikacin ofis da ke da minti arba'in kafin ya koma bakin aiki yana son abinci ya iso gabansa cikin minti goma, kuma gobe ma ya same shi yadda ya bar shi. Iyalin da suka fito ranar hutu suna son fili, da kujerar yaro, da banɗaki mai tsafta. Matasan da ke fitowa da dare zama suka zo yi, za su riƙe tebur awa biyu a kan kofi uku. Kowannensu yana bukatar wuri daban, farashi daban, ma'aikata daban. Taura biyu ba ta taunuwa, balle uku.

Zauna ka rubuta jumla ɗaya: wane ne kwastomanka, me zai ci, ƙarfe nawa, nawa zai kashe a zama ɗaya. Idan jumlar ta ƙi rubutuwa, ba ka shirya neman shago ba tukuna.

Mataki na biyu: wuri

Dillali zai ce maka, "Wurin nan akwai jama'a." Kada ka musa masa, je ka ƙirga da kanka. Ni na taɓa yin kwana shida ina tsayawa tsallaken wani shago da ɗan littafi a hannu, safe, rana da dare, ina ja wa kowane mai wucewa layi. Jama'a kam akwai su, amma a rana ta uku na lura duk ta ɗaya gefen suke bi, saboda can ne tashar mota take, kuma tsakiyar titin akwai shingen ƙarfe. Wanda zai zo wajenmu sai ya yi tafiyar minti biyar ya zagayo. Da rana mai sauri ba zai yi ba. Shingen nan kaɗai ya sa muka haƙura da shagon, ga shi hayarsa da sauƙi.

Ka ƙirga a ranar aiki da ranar hutu. Ka shiga gidajen abincin da ke kewaye ka ci, ka dubi yawan teburan da ke cike da irin abin da ake oda. Kasancewar wasu a kusa ba abin tsoro ba ne, sau da yawa alama ce mutane sun saba zuwa unguwar cin abinci. Abin tambaya shi ne shagon da gidajen abinci uku suka shiga suka fita cikin shekara huɗu. Ruwa ba ya tsami banza. Tambayi maƙwabta, mai gadi, da mai kwashe shara, su ne suka san abin da ya faru.

Sannan ka duba abubuwan da ido ba ya fara kaiwa kansu. Ta ina hayaƙin kicin zai fita, kuma mutanen saman bene za su yarda bututu ya bi ta jikin bangonsu? Wutar ginin za ta ɗauki firji, firiza, na'urar sanyaya ɗaki da tanda a lokaci guda? Ruwa yana zuwa da ƙarfi a lokacin da za ka fi bukatarsa? Akwai ƙofar baya da za a shigo da kaya a fitar da shara, ba tare da an ratsa tsakiyar masu cin abinci ba? Shagon da a da gidan abinci ne yakan rage maka kuɗin gyara sosai, domin mayar da kantin tufafi kicin yana iya cinye rabin jari.

Yarjejeniyar haya kuwa kada ka sa mata hannu sai lauya ya karanta. Abu huɗu nake nema a ciki. Na farko, watannin da ba za a karɓi haya ba yayin da ake gyara. Na biyu, a rubuta ƙarara nawa za a iya ƙarawa duk shekara, domin akwai mai gidan da yana ganin layi a ƙofarka zai ninka. Na uku, ikon miƙa hayar ga wani idan ka so sayar da kasuwancin. Na huɗu, sharaɗin cewa in hukuma ta hana lasisi saboda ginin kansa, yarjejeniya ta warware a mayar maka da kafin alƙalaminka. Ma'aunin da 'yan sana'a suka saba amfani da shi shi ne kada haya ta wuce kashi 10 cikin 100 na cinikin da kake sa rai, in ta tsaya tsakanin 6 da 8 ya fi.

Mataki na uku: lissafi

Nan ne zan daɗe, domin nan ne yawancin gidajen abinci suke mutuwa tun ba a haife su ba.

Kuɗin da ke fita kashi biyu ne. Akwai wanda zai fita ko an yi ciniki ko ba a yi ba: haya, albashi, inshora, biyan bashi, mafi yawan kuɗin wuta. Akwai kuma wanda ke bin kowane faranti: kayan abinci, gas, mazubin tafi-da-gidanka. Bari mu ɗauki misali da lambobi tsirara, ka sa kuɗin ƙasarka a kai. A ce kowane kwastoma yana kashe 1,000, kuma 350 daga ciki na kayan da ya ci ne. Saura 650. A ce kuɗin da ba ya motsi 1,300,000 ne a wata. Raba 1,300,000 gida 650, za ka samu 2,000. Wato sai mutum 2,000 sun ci a wata kafin ka mayar da abin da ka kashe, ba riba ba faɗuwa. Idan kwana 26 kake buɗewa, mutum 77 ke nan a rana. Idan kujera 40 gare ka, dole kowace kujera ta ɗauki kusan mutum biyu kullum, har da ranar ruwan sama da ranar da gari ya yi tsit.

Yanzu koma ga ɗan littafin da ka ƙirga masu wucewa. Shin titin nan zai ba ka mutum 77 a ranar Talata? Idan amsar tana bukatar ka ce "in an yi sa'a", lissafin bai tsaya ba. Ko ka nemi haya mai sauƙi, ko ka rage ma'aikata, ko ka sake duba farashi.

A al'adar sana'ar, kayan abinci sukan ci kashi 28 zuwa 35 cikin 100 na ciniki, albashi ma wajen haka. In ka haɗa biyun suka haura kashi 65, da wuya wani abu ya rage bayan an biya haya da wuta. Ribar da ke saura a hannun mai gidan abinci mai zaman kansa sau da yawa ba ta kai kashi 10. Shi ya sa ƙaramar ɓarna take zama babba.

Ga abin da nake nufi. Ka sayo nama kilo 10, kowane kilo 100. Bayan an cire ƙashi, kitse da jijiya, kilo 7 ya rage. Ashe kilon da za ka dafa 143 ya tsaya maka, tun kafin wuta ta ƙara tsuke shi. Wanda ya sa farashi a kan 100 yana sayar da asara yana murna. Sannan a ce ka ƙayyade giram 150 a faranti, amma hannun mai zubawa yana kai wa 180. Giram 30 ba ya ɗaukar ido. Ninka shi sau 77 a rana, sau kwana 26, ka ga nama kilo 60 ya tafi a wata ba wanda ya sata. Maganin wannan ƙaramin sikeli ne a gefen mai zubawa, da ludayi mai awo, da takardar kowane abinci a manne a bango: kaza giram kaza, mai cokali kaza. Kuku mai zuciya zai ji haushi da farko, ya ce shi hannunsa ya sani. Ka lallashe shi, ka nuna masa lissafin, amma kada ka janye.

Abu na ƙarshe a nan shi ne ajiyar gefe. Kuskuren da ya kashe wurin da na ce na kulle shi ne mun zuba kuɗi a ado: fitilu na yayi, kujeru masu tsada, bangon da aka yi wa fenti sau uku don launin bai yi wa mai wurin ba. Ranar da muka buɗe, abin da ya rage a asusu bai fi albashin wata ɗaya da rabi ba. Gyara kuma kullum yana wuce kuɗin da aka ƙiyasta da ranar da aka sa. Ka ware abin da zai riƙe haya da albashi na wata shida ko da ciniki ya yi rauni, ka ɗauka babu shi a duniya. Idan ware shi yana nufin ka sayi kujeru na hannu, saya. Firji da firiza ne kawai nake jin tsoron na hannu, don in suka mutu cikin dare da kayan ciki suke tafiya.

Idan da abokin tarayya za ku yi, ku rubuta komai tun ana dariya: wa ya sa nawa, wa ke da ta cewa a kicin, wa ke sa hannu a banki, in ɗaya ya so fita yaya za a kimanta rabonsa.

Mataki na huɗu: takardu

Kowane birni da dokokinsa, amma ƙofofin da za ka ƙwanƙwasa kusan iri ɗaya ne: rajistar kasuwanci, lambar haraji, izinin amfani da ginin a matsayin wurin abinci, shaidar dubagari, shaidar 'yan kwana-kwana, inshora, wani wurin har da izinin kafa allon suna ko ajiye tebur a waje. Inda doka ta yarda da sayar da barasa, lasisinta daban ne, ya fi tsada, ya fi jinkiri, kuma akan saurari ƙorafin maƙwabta kafin a bayar. Wasu biranen kuma sun hana ta gaba ɗaya. Ka fara bin takardu ranar da ka fara neman shago. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma babu baƙin cikin da ya kai ka gama gyara, ka ɗauki ma'aikata, haya tana tafiya, kana jiran sa hannun mutum ɗaya. Dabara mai amfani: kai wa dubagari zanen kicin ɗinka kafin magini ya fara, ya nuna maka inda yake son wurin wanke hannu da magudana. Gyara a takarda ya fi fasa tayil sauƙi.

Mataki na biyar: menu da kicin

Menu, wato jerin abincin da za ka sayar, shi ne ke tsara kicin, saboda haka shi za ka fara gamawa. Ka taƙaita. Sabon wuri mai abinci kala arba'in yana nufin sito cike da kayan da ke jiran lalacewa, da kukun da ba zai ƙware a ko ɗaya ba. Kala goma zuwa goma sha biyar sun isa, kuma ka tsara su yadda kaya ɗaya zai shiga abinci biyu ko uku, don kada a yi kwantai. Duk abincin da ke bukatar wani kayan da shi kaɗai ke amfani da shi, sai ya kare kansa kafin ya samu gurbi.

Ka kuma duba rabon aiki. Idan cikin abinci goma, takwas soyawa ake yi, ranar da aka cika kaskon suya zai zama maƙogwaro, oda ta taru a kansa, sauran murhu suna zaune. Tun a shekarun 1890 Auguste Escoffier, lokacin da yake riƙe da kicin ɗin otal ɗin Savoy a Landan, ya tsara aiki rukuni-rukuni, kowa da tasharsa: mai miya, mai gashi, mai kifi, mai kayan zaƙi. Kai ba ka bukatar runduna, amma ka riƙe hikimar: kowane mutum ya san abin da ke hannunsa, kuma ya iya kai hannu ga kayansa ba tare da ya ratsa ta bayan wani ba. Kafin a kafa komai, zana kicin ɗin da alli a ƙasa, ka sa mutum uku su yi kamar suna aiki. Inda kafaɗu suka yi karo, nan ne watarana tafasasshen mai zai zube. Ɗanyen kaya su shigo ta gefe ɗaya, dafaffe ya fita ta ɗaya, kwanukan wanki su bi tasu hanyar.

Kada ka yi rowa wajen injin zuƙe hayaƙi, kuma ka sa ranar wanke bututunsa a kalanda, domin maiƙon da ke taruwa a ciki shi ke mayar da ƙaramar wuta gobara. Ka nemi tukunyar kashe wuta irin ta man girki, wadda ake yi wa lamba K a Amurka, F a Turai, ka koya wa kowa cewa ba a watsa wa wutar mai ruwa. A ƙarƙashin wurin wanki kuma a sa tarkon maiƙo, in ba haka ba magudana za ta toshe a ranar da ka fi ciniki.

Kantar abin sha ta cancanci kulawarta daban, domin abin sha ya fi abinci barin riba, kuma ba ya cin wuta da hannu kamar girki. Kofi, shayi, matsattsen 'ya'yan itace, duk haka suke. Amma nan ne kuma kaya suka fi zurarewa: a zuba wa aboki, a cika kofi fiye da awo, a manta a rubuta. Awo, ƙirgar kwalabe duk dare, da dokar cewa babu abin da zai bar kanta sai da takardar oda. Ƙanƙara ma abinci ce, a ɗebe ta da cokalinta, kada a tsoma kofin gilashi a ciki.

Mataki na shida: mutane

Ɗauki mai hali ka koya masa aiki. Mai sabis da ya iya ɗaukar faranti biyar amma yake kallon kwastoma kamar ya zo roƙo, asara ne. Kuku kuwa kada ka ɗauke shi da baki, ba shi kaya ya dafa abu biyu daga menu ɗinka kana tsaye, ka kalli yadda yake barin teburinsa bayan ya gama. Kuma kada sirrin girkin ya zauna a kan mutum ɗaya. In ya yi fushi ya tafi, da ɗanɗanon gidanka zai tafi. Takardun nan na bango su ne kariyarka.

Ina da ra'ayi mai ƙarfi a kan mai wanke-wanke. Shi ne aka fi rainawa, kuma ranar da bai zo ba ne za ka ga gida ya tsaya cak, ga abinci ya dahu babu farantin zubawa. Ka biya shi a kan lokaci, ka ba shi safar hannu da takalmin da ba ya santsi, ka san sunansa. Gaba ɗaya ma, albashin da ke jinkiri shi ne ƙofar sata. Ka ciyar da ma'aikatanka abinci na mutunci kafin a buɗe, ka fitar da jadawalin aiki da wuri, kuma in akwai kyautar da kwastomomi ke bari, a san yadda ake rabonta a fili.

Mataki na bakwai: tsafta

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2015 cewa duk shekara mutum miliyan 600 ne ke rashin lafiya saboda gurɓataccen abinci, 420,000 kuma suna mutuwa, cikinsu 125,000 yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. Wanda ya buɗe gidan abinci ya ɗauki amanar cikin mutane, ba ƙaramin abu ba ne.

Lambobin da kowa a kicin zai haddace kaɗan ne. Ƙwayoyin cuta suna hayayyafa da sauri tsakanin digiri 5 da 60 a ma'aunin Salshiyas, saboda haka mai sanyi ya zauna ƙasa da 5, mai zafi sama da 60. Nama, kaji da ƙwai su dahu har cikinsu ya kai aƙalla 70. Dafaffen abinci kada ya wuce awa biyu a ajiye a fili. Babbar tukunyar shinkafa ko miya da aka tura firji da zafinta tana iya kwana tsakiyarta da ɗumi, don haka a raba ta a faffaɗan mazubi marasa zurfi ta huce da wuri. Shinkafa musamman, domin akwai ƙwayar da ke jure dahuwa, ta saki guba in an bar ta da ɗumi, kuma ɗumame ba ya kashe gubar. Ɗanyen nama a ƙasan firji, dafaffe a sama. Katakon yanka na nama daban, na ganye daban. Kowane mazubi da kwanan wata a jikinsa, wanda ya riga shiga shi ke riga fita. Ma'aikacin da ke gudawa ko amai ya zauna a gida, kuma kada a yanke masa kuɗin ranar, in ba haka ba gobe ɓoyewa zai yi.

Tsarin da ake kira HACCP, wanda kamfanin Pillsbury da hukumar NASA suka ɓullo da shi a shekarun 1960 don abincin 'yan sama-jannati, a taƙaice cewa yake: gano wuraren da abu zai iya lalacewa, ka auna su kullum, ka rubuta. A ƙaramin kicin wannan ma'aunin zafi ne da littafi a jikin firji, safe da yamma. Birane da yawa yanzu suna manna sakamakon dubagari a ƙofa kowa ya gani: New York tana ba da A, B ko C tun 2010, a Ingila kuma maki ne daga 0 zuwa 5. Haka nan akwai mutanen da jikinsu ba ya karɓar wasu abubuwa, kamar gyaɗa, madara, ƙwai, alkama ko jatan lande, har ya kai ga rasa rai. Tarayyar Turai ta wajabta bayyana irin waɗannan guda 14 tun Disamban 2014. Ko dokar garinku ba ta ce ba, ka koya wa mai sabis cewa in an tambaye shi bai sani ba, ya ce, "Bari in tambayo kicin," kada ya yi kirdado.

Mataki na takwas: gwaji kafin buɗewa

Kada ka yi shelar ranar buɗewa sai takardu sun cika kuma ka yi gwaji. Fara da ma'aikata, rabi su zauna kamar baƙi, rabi su yi sabis. Sannan ka gayyato 'yan uwa da maƙwabta dare biyu ko uku, rabin kujeru kawai, ka roƙe su su faɗi aibu. Ka tsaya a bakin kicin da agogo, ka rubuta minti nawa kowace oda ta ɗauka.

Ban manta daren da muka buɗe ba tare da wannan ba. Ƙarfe takwas takardun oda sun cika ƙusar da ake soke su, wasu sun faɗo cikin ruwan ƙasa rubutun ya narke. Mai sabis ta leƙo tana cewa, "Tebur na bakwai fa sun yi awa guda." Kuku ya juyo, gumi na zuba, ya ce, "Me suka ce a kawo?" Babu wanda ya sani. Mutanen tebur na bakwai suka tashi ba su ce uffan ba, har da sallama, kuma ban sake ganinsu ba. Cika gida a daren farko ba abin wuya ba ne, shi ya sa nake ba da shawarar a buɗe shiru, a yi mako biyu ana gyara kurakurai a gaban mutane kaɗan, sannan a kira masu kyamara.

Bayan an buɗe

Ka sa wurinka a taswirar Google da adireshi daidai, lokutan buɗewa daidai, da hotunan abincin yadda yake fitowa. Sharhin da mutane ke rubutawa yana da nauyi. Michael Luca na makarantar kasuwanci ta Harvard ya bincika gidajen abincin Seattle a 2011, ya gano ƙarin tauraro ɗaya a Yelp, shafin intanet da kwastomomi ke ba wurare maki da taurari, yana ƙara ciniki da kashi 5 zuwa 9 cikin 100, kuma a masu zaman kansu abin ya bayyana, ban da manyan kamfanoni masu rassa. Wanda ya yi ƙorafi ka ba shi amsa a natse, ka gyara, kada ka yi cacar baki da shi a bainar jama'a. Ƙorafi ɗaya na iya zama halin mutum. In uku suka faɗi abu ɗaya, gaskiya ce. Sayen sharhin ƙarya kuwa ha'inci ne, ka bar shi.

Manhajojin kai abinci gida suna kawo oda, amma kamashonsu yakan kai kashi 15 zuwa 30. Koma ga farantin 1,000: cire 350 na kaya, 300 na kamasho, 50 na mazubi, 300 ya rage maimakon 650. Ka yi musu menu nasu daban, na abincin da ke jure tafiya, da farashin da ya ɗauki kamashon, kuma ka kashe su a lokacin da ɗaki ya cika.

Lissafi duk mako za ka yi shi, in ka jira ƙarshen wata ɓarakar ta yi nisa. Ƙirga sito, haɗa abin da aka sayo, cire abin da ya rage, raba da ciniki. In kason kayan abinci ya tashi daga kashi 32 zuwa 38, ko farashin kasuwa ya tashi, ko hannu ya yi nauyi, ko ana zubarwa, ko ana fita da shi ta ƙofar baya. Leƙa kwandon shara da farantan da ke dawowa, abin da mutane ke bari yana gaya maka abin da ba za su faɗa da baki ba. Bayan wata uku ka tace menu ta hanyar da Michael Kasavana da Donald Smith suka tsara a 1982: auna kowane abinci da farin jininsa da kuma ribar da yake bari. Mai farin jini da riba, kada ka taɓa shi. Mai farin jini maras riba, ɗan ƙara masa kuɗi ko ka sake awonsa. Mai riba da ba a oda, matsar da shi sama, mai sabis ya riƙa ambatonsa. Wanda ba ya da ko ɗaya, cire shi ko da kai ne ka fi son sa.

Wajen wata na uku ko na huɗu ciniki zai sauka. Kada ka firgita ka shiga zabge farashi ko ƙara abinci kala ashirin. Duba fuskoki: mutum nawa ne ka gani sau uku? Su ne jarinka. Ka san inda suke son zama da abin da ba sa ci, ka gaishe su da suna.

Akwai takarda ɗaya da nake so ka rubuta tun kafin ka buɗe, lokacin da kanka yake a sanyaye: adadin da in ajiyar gefe ta sauko kansa, za ka tsaya ka sayar ko ka rufe. Adadin ya ƙunshi cikakken albashin ma'aikata, bashin masu kawo maka kaya, da abin da yarjejeniyar haya ta ɗora maka. Mu ba mu rubuta ba, muka yi ta cewa wata mai zuwa zai gyaru, muna cin bashi muna toshe wani. Ranar da na kulle ƙofar, mai kawo mana kayan lambu yana tsaye a waje da rasit na wata biyu a hannunsa, kuma sai da aka sayar da firiza da tanda kafin aka sallame shi.